Ruwan madara ko shuɗi mai duhu? Tambayoyi da amsoshi kan fentin cikin gida

Duk wanda ya gama filasta ya zo kan fenti a 'yan shekarun nan, da wuya bai tsaya tsakanin launuka biyun nan ba. Ruwan madara shi ne wanda muka saba da shi, farin da aka ɗan karya shi da rawaya, wanda ke kan bangon yawancin gidajen Kano, Kaduna, Zariya da Maraɗi. Shuɗi mai duhu kuwa, irin na rinin baba, sabon yayi ne da ya shigo ta hotunan waya, matasan ma'aurata suka kama shi hannu bibbiyu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu gida, uwayen gida da 'yan haya suka fi yi kafin su kira mai fenti.

A taƙaice, wanne ya fi?

Ga yawancin ɗakunan gidajenmu, ruwan madara. Dalili kuwa guda ne babba: shuɗi mai duhu launi ne mai neman haske da yawa da bango mai santsi, gidajenmu kuma suna da ƙarancin duka biyun. Tagoginmu ƙanana ne, akwai ƙarfen tsaro, akwai raga, akwai labule mai kauri, ga doguwar katanga a bayan tagar. Wutar lantarki kuma sai yadda hali ya yi.

Wannan ba ya nufin a manta da shuɗin. A bango ɗaya, a ɗakin da rana ke shiga, yana ba falo kwarjinin da ruwan madara ba zai taɓa ba shi ba. Abin da nake hana mutane shi ne su zagaye ɗaki gaba ɗaya da shi don kawai sun gani a hoto. Hoton nan an ɗauke shi ne a ɗaki mai taga daga ƙasa har sama, an kunna fitilu goma, sannan an gyara shi kafin a ɗora.

Bambancin hasken da ake faɗa, har nawa ne?

Ya fi yadda ake zato. Kamfanonin fenti suna da ma'auni na yawan hasken da launi ke mayarwa cikin ɗaki, suna kiransa LRV, daga 0 zuwa 100. Baƙi ƙirin yana kusa da 0, fari fat yana kusa da 100. Ruwan madara yawanci yana tsakanin 70 zuwa 80. Shuɗi mai duhu yawanci bai kai 10 ba. Ke nan idan haske ya faɗo kan bangon madara, kusan kashi uku cikin huɗu yana dawowa ɗakin, a kan shuɗin kuwa sama da kashi tara cikin goma bangon ne ke shanye shi.

Abin bai tsaya nan ba. Hasken da ke cikin ɗaki ba daga taga ko kwan fitila kaɗai yake zuwa idonka ba. Yana bugun bango, ya koma silin, ya sauko kan tayil, ya sake komawa wani bangon. A ɗaki mai launi mai haske, wannan kai-komo yana ci gaba har haske ya isa lungu da bayan kujera. A ɗakin da aka zagaye da launi mai duhu, bugu ɗaya ko biyu ya ƙare. Shi ya sa za ka ga kwan fitila ɗaya ya wadatar da ɗaki, a fente shi da shuɗi mai duhu, kwan nan dai bai canja ba amma sai ka kunna fitilar waya kafin ka ga takalminka.

A wasu takardun launuka ana buga lambar LRV a bayan kowane launi ko a gefensa. Idan ka gan ta, yi amfani da ita.

Mu da ba mu da tsayayyiyar wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Kada ka auna ɗakinka da lokacin da NEPA ta kawo wuta. Auna shi da ƙarfe biyar na yamma, babu wuta, labule a sake saboda baƙi, yaro yana son yin aikin makaranta. Auna shi kuma da dare, ana amfani da fitilar caji guda ɗaya. A wannan halin ruwan madara yana taimakon fitilar, shuɗin yana yaƙi da ita. Mai sola ko inbata ma abin ya shafe shi, domin ƙarin kwai biyu ko uku a kowane ɗaki ƙarin nauyi ne a kan batir.

Sai kuma irin kwan. A jikin kwalin kwan LED ana rubuta lamba da harafin K. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa rawaya-rawaya ne, mai 6000 zuwa 6500 fari ne tas mai ɗan shuɗi, shi ne kuma ya cika kasuwanninmu. Ruwan madara a ƙarƙashin kwai mai rawaya yana ƙara yin rawaya, wani lokaci har ya yi kamar bangon ya tsufa. A ƙarƙashin farin kwai yana komawa kusan fari. Shuɗi mai duhu kuwa a ƙarƙashin kwai mai rawaya yana rasa shuɗinsa, ya koma wani abu tsakanin baƙi da toka. Mutane da yawa sun zargi mai fenti da canja musu launi, alhali kwan da ke silin ne ya canja shi. Ni dai mai 4000 na fi so idan launukan biyu suna ɗaki ɗaya, don ba ya cutar da ko ɗaya.

Idan akwai tsoho a gidan, a ƙara yin la'akari. Ido yana ƙara neman haske da shekaru, ɗakin Baba ko na Hajiya ba wurin gwajin yayi ba ne.

Gaskiya ne launi mai duhu yana ƙara zafin ɗaki?

Da sauƙi a kan yadda ake faɗa. Launi yana jawo zafi ne idan rana tana dukan sa kai tsaye. Shi ya sa launin rufin kwano da na bangon waje suke da babban tasiri, musamman a watan Afrilu da zafin Kano da Sakkwato kan wuce maki 40. Bangon cikin ɗaki da rana ba ta taɓawa, ko ka yi masa madara ko shuɗi, bambancin zafin kaɗan ne. Mai neman sanyi ya duba silin, tsayin ɗaki, tagogin da ke fuskantar juna don iska ta ratsa, da bishiya a gefen yamma.

Inda launin ciki ke da tasiri shi ne bangon da ranar yamma ke faɗawa ta taga. Irin wannan bango idan shuɗi ne mai duhu, yana shan zafin daga la'asar, ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa bayan magariba lokacin da kake neman barci. Kuma launinsa yana koɗewa a daidai inda ranar ke dukan sa, sai ka cire hoton da ka rataye ka ga shatinsa.

A nan akwai wata shawara da ake kwasowa daga shafukan Turai wadda ba ta yi mana aiki yadda take: wai ɗakin da ke fuskantar arewa ba ya samun rana, mai fuskantar kudu ne ke samu. Gaskiya ce a Ingila. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta saman kanmu, har ma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta da tsakar rana tana ɗan karkata ne ta arewa. Abin da ya dame mu shi ne gabas da yamma. Tagar gabas tana kawo hasken safe mai daɗi, ta yamma tana kawo wuta.

Wanne ya fi ɓoye datti? An ce mini mai duhu.

Kowanne yana da dattin da yake tonawa. Ruwan madara yana tona hannun yara, shatin kai a bayan kujera, miyar da ta fantsama, zanen biro, da baƙin da ke taruwa kewaye da makunnin wuta. Shuɗi mai duhu yana ɓoye waɗannan, amma yana tona ƙura, ƙurar hunturu kuwa fara ce mai ɗan ja, tana shigowa daga Nuwamba har Fabrairu ko Maris ko da an rufe taga. Duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a Kano cikin Janairu ya san labarin: ka wanke da safe, kafin azahar an rubuta maka suna a jiki. Ruwan madara kuwa kusan launin ƙurar ne, tana kwanciya a kansa ba a gani.

Akwai wata matsala ta biyu da ba a faɗa wa mai saye. Fenti mai duhu marar sheƙi, idan aka goge shi da tsumma, wurin da aka goge yana yin ƙyalli dabam da sauran bangon. Ka cire tabo, ka bar tambari. Idan kuma kujera ta karce shi ko ƙusa ta ɓantare shi, farin da ke ƙasa yana fitowa fili ana hango shi daga bakin ƙofa.

Saboda haka a gidan yara amsar tana ga irin fentin fiye da launinsa. Fentin ruwa na gama-gari marar sheƙi ba ya jure wanki. Wanda ake kira satin ko siliki yana da ɗan sheƙi, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Ruwan madara na satin ya fi shuɗin fentin ruwa mai araha sauƙin kulawa nesa ba kusa ba. A dai ba sabon fenti kamar mako uku zuwa huɗu ya gama kamawa kafin a fara wanke shi, ko da ya bushe a hannu tun ranar farko.

Ina yawan turaren wuta. Wanne zai fi jurewa?

Hajiya, shuɗin. Hayaƙin turare yana da maiƙo, yana hawa sama ya kwanta a bango da silin, a hankali ya mayar da ruwan madara ruwan ƙasa-ƙasa, musamman a kusurwar da ake ajiye kasko. A kan shuɗi mai duhu ba a ganin sa sosai. Sai dai silin ɗinki fari ne ko wane launi kika yi wa bango, don haka dabarar ita ce a janye kaskon daga jikin bango, a riƙa canja masa wuri, a buɗe taga bayan ɗakin ya kama. Haka abin yake a kicin da ake girki da risho ko gawayi, amma can ba na ba da shawarar launi mai duhu ko kaɗan, mai girki tana bukatar ganin abin da take yankawa. Tayil a bangon murhu ya fi kowane fenti.

Mai fenti ya ce sai an yi sikiridin, wato shafen da ke sa filasta ta yi santsi, kafin ya shafa shuɗin. Neman kuɗi ne?

A wannan karon gaskiya ya faɗa. Filastar siminti da yashi, komai gwanintar magini, tana da tudu da kwari. Launi mai haske marar sheƙi yana rufa mata asiri. Launi mai duhu, musamman mai sheƙi, yana fito da kowane shatin cokali, balle in akwai fitilun POP da ke haska bango daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ke jefa inuwa a ƙarƙashin kowane ɗan tudu. Idan kuɗin sikiridin na gidan duka ya yi yawa, a yi wa bangon da za a shafa wa shuɗin kaɗai, a goge shi da sanfefa sosai.

Kafin wannan ma akwai bushewa. Sabuwar filasta tana bukatar aƙalla mako huɗu, da damina fiye da haka. Danshin da ke cikinta yana fitowa da wani farin gishiri, a kan ruwan madara da ƙyar a lura da shi, a kan shuɗi kuwa taswira yake zanawa. Bangon da ke jikin banɗaki, da ƙasan bangon gidan da ke unguwa mai ruwa kusa, su ma haka. Fenti ba ya maganin danshi. A nemo inda ruwan ke fitowa a toshe, in ba haka ba kowane launi zai kumbura ya ɓare.

Galan nawa zan saya?

A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3. Bangayensa huɗu sun kai murabba'in mita 43, a cire ƙofa da tagogi, saura kamar 38. Fentin ruwa mai kyau a kan bango mai santsi, lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, a duba jikin gwangwani don kowane kamfani yana rubuta nasa. Ruwan madara shafa biyu ta ishe shi: kusan lita 8, galan biyu masu lita 4 ke nan. Shuɗi mai duhu a kan farin bango yakan nemi shafa uku, lita 11 da ɗoriya, galan uku. Idan bango ɗaya ne kawai, murabba'in mita 11 ne, galan ɗaya ya isa har a samu ragowar gyara. Ɗanyar filasta da ba a yi wa sikiridin ba tana sha fiye da wannan lissafin.

Dalilin shafa ta uku shi ne yadda ake haɗa launin. Sinadarin da ke sa fenti ya rufe abin da ke ƙasansa shi ne farar hodar titaniyam. Launi mai duhu ba a iya zuba masa ita da yawa, don za ta dusashe shi, saboda haka farin bango yana leƙowa ta cikinsa. Masu fentin da suka san aiki suna fara shimfiɗa ruwan toka a ƙasa, sannan shuɗin ya hau sau biyu ya zauna daidai.

Abu ɗaya da zai cece ka daga ɓacin rai: sayi duk shuɗin da kake bukata lokaci ɗaya, a juye galan-galan ɗin cikin bokiti ɗaya a gauraya kafin a fara. Ɗan bambanci tsakanin galan biyu ba ya fitowa a ruwan madara, a shuɗi kuwa layi yake ja a tsakiyar bango.

Mai fenti ya ce zai haɗa mini launin da kansa, ya fi araha. In yarda?

A ruwan madara, kana iya yarda in ka san hannunsa, don ɗan rawaya ne ake ɗigawa cikin fari, kuskure ba ya yin muni. A shuɗi mai duhu, a'a. Ba a samun duhu na gaske ta hanyar zuba ruwan launi cikin farin bokiti, abin da ke fitowa shuɗi ne mai hazo, kuma yawan launin da aka tura yana raunana fentin har ya riƙa bin riga. In ya ƙare a tsakiyar aiki kuma, babu mai iya maimaita haɗin.

Manyan kamfanoni suna da injin haɗa launi da lamba. CAP, mai yin Dulux a Nijeriya, wanda ya haɗe da kamfanin Portland mai Sandtex a 2021, da Berger da ke aiki a ƙasar tun 1959, suna da shagunan da ake wannan. Rubuta lambar launin ka adana, ko ka ɗauki hoton murfin, bayan shekara biyu za ka neme ta.

Shi kuwa babban bokiti mai lita 20 da farashinsa bai kai na galan ɗaya mai kyau ba, alli ne ya fi yawa a ciki. Shafa tafin hannunka a bangon da aka yi da shi ka duba. Araha ba ta ado. A kuma sa ido kan ruwan da ake ƙarawa, kada ya wuce abin da aka rubuta a gwangwani.

Shuɗin zai sa ɗakina ya ƙanƙance?

In an zagaye ƙaramin ɗaki da shi, ga manyan kujeru, ga labule mai duhu, ga kafet, e, zai matse. Bango ɗaya kuwa ba ya matse ɗaki. A dogon falo mai kama da lungu, shafa shi a guntun bangon da ke can ƙarshe yana sa ɗakin ya daidaita a ido. Silin dai a bar shi fari.

To yaya ake haɗa su a ɗaki ɗaya?

Hanyar da ta fi yawa yanzu ita ce bango uku madara, ɗaya shuɗi. Wanda za a zaɓa shi ne bangon da ido ke fara sauka a kai in an shigo: na talabijin, ko na kan gado. Bayan talabijin shuɗin yana da amfani na musamman, baƙin gilashin yana ɓacewa a cikinsa maimakon ya tsaya kamar rami a farin bango. Kada a zaɓi bangon da taga take, domin hasken tagar yana kashe ido, bangon da ke kewaye da ita sai ya koma baƙi. Kada kuma a zaɓi wanda ranar yamma ke duka.

Akwai tsohuwar hanya da nake ganin an yi saurin rainawa, wato raba bango biyu: ƙasa mai duhu, sama mai haske. Ita ce a makarantun firamare, asibitoci da tsofaffin gidajen ma'aikata, shi ya sa wasu ke ganin ta tsufa. Amma waɗanda suka yi ta sun san abin da suke yi. Daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya nan ne hannun yara, bayan kujera, tsintsiya da ruwan mofa suke taɓawa. Daga nan zuwa sama nan ne haske ke yawo. Shuɗi mai sheƙi a ƙasa, madara a sama, da siririn katako ko layi madaidaici a tsakani, ya dace da baranda, matakala, ɗakin yara, da falon da ake zama a ƙasa ana jingina da bango. A gidan da ake cin abinci a kan tabarma ko darduma, ban san tsarin da ya fi shi ba.

Launi mai ƙarfi a cikin ɗaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zaurukan fadar Kano da ta Zazzau cike suke da zane mai launuka masu kauri. Sai dai a ɗakunan kwana na talakawa farar ƙasa aka fi shafawa, kuma dalilin bai canja ba: ɗaki mai ƙaramar taga da fitilar aci-balbal.

Game da kaya, shuɗi mai duhu yana son katako mai launin zuma, ruwan gwal, fari da ruwan ƙasa mai haske. Ba ya shiri da baƙaƙen kujerun leda, komai sai ya dunƙule. Ruwan madara yana karɓar kusan komai, abin da kawai ke kunyata shi shi ne fari fat a gefensa: farin tayil mai ƙyalli ko farin labule na iya sa a ga kamar bangon ya yi datti.

Ɗakin amarya ne, kuma ba mu ga kayan da za a kawo ba.

Ruwan madara, ba tare da dogon tunani ba. Ango ne ke fenti, dangin amarya ne ke jere, kuma sau da yawa ba a haɗu an yi maganar launi ba. Kujeru ruwan hoda ko jajaye a gaban shuɗin bango rigima ce da za a fara tun ranar jere. In ana son shuɗin, a tambayi launin kujeru da labule tukuna, ko a bari sai ta tare ta zaɓi bangon da kanta. Aikin yini ɗaya ne.

Da gaske sauro ya fi son bango mai duhu?

Sauro yana son hutawa a wuri mai duhu, bayan labule, ƙarƙashin gado, cikin kayan da aka rataye. A bangon madara kana ganin sa ka kashe, a shuɗi ba ka gani. Iyakar abin ke nan. Launin bango ba ya maye gurbin raga a taga da gidan sauro.

Yaya zan gwada kafin in kashe kuɗi?

Kada ka zaɓa daga waya, kowane gilashi da yadda yake nuna launi. Kada kuma ka tsaya ga ɗan ƙaramin katin da ke shago, launi a faffaɗan bango yana fin yadda yake a kati ƙarfi: madarar da ka ga ta yi daidai tana iya fitowa rawaya, shuɗin kuma ya fi duhu.

Sayi mafi ƙanƙantar gwangwani, ka samu falle biyu na silin ko filawud, kowanne kamar rabin mita ko fiye, ka shafa musu launukan sau biyu, ka bari su bushe sosai, don fentin ruwa yana canja launi in ya bushe. Jingina su a bangon da kake nufi. Duba da safe, da azahar, da la'asar, da dare da wuta, da dare babu wuta. Matsar da su kusa da tayil, kusa da labule. Kira uwargida ta gani, ita ce ke yini a ɗakin. Gani ya kori ji, kuma kuɗin ƙaramin gwangwani bai kai kuɗin sake fente falo ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da aikin?

Bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙura ta yi ƙarfi. Da damina bango yana riƙe danshi, fenti yana jinkirin bushewa. A tsakiyar hunturu kuma yana bushewa da sauri fiye da kima, kafin rola ta dawo gefen da aka shafa ya riga ya kama, sai a samu layi-layi. Ruwan madara yana yafe wannan, shuɗin ba ya yafewa. In dole ne a yi a lokacin, a fara da sassafe, a rufe tagar da iska ke shigowa, a gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tare da tsayawa shan shayi ba. Tsakanin shafa da shafa a ba da awannin da aka rubuta a gwangwani, yawanci biyu zuwa huɗu ga fentin ruwa.

Gidan haya nake. In na tashi, zai yi wuyar mayarwa?

Zai yi. Hawa shuɗi a kan madara ya fi sauƙi a kan dawowa. Rufe shuɗi mai duhu da launi mai haske yana cin fentin shimfiɗa, sannan shafa biyu ko uku, in kuma mai sheƙi ne sai an fara goge shi da sanfefa kafin sabon ya kama. Nemi izinin mai gida tun farko, ku yi magana a kan wanda zai biya kuɗin mayarwa, a gaban wakilin da ya ba ka gidan. Mai ginin haya ko na sayarwa kuwa ya tsaya ga madara, ba a taɓa fasa kama gida saboda ita ba.

Akwai haɗari ga yara a ɗayansu?

Haɗarin yana ga irin fentin. Fentin ruwa, madara ne ko shuɗi, warinsa kaɗan ne, a buɗe tagogi kwana biyu ko uku kafin jariri ko mai asma ya kwana a ɗakin. Fentin mai, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir, warinsa ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa.

Babban abin tsoro shi ne dalma. An daɗe ana zuba ta a wasu fentin mai, musamman rawaya, ja, ruwan goro da kore, don launi ya yi kyau ya kuma bushe da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin yaro da za a kira marar illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta warkewa. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar sanyawa a fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka mutu, ko da yake waccan daga niƙan duwatsun zinariya ta fito.

In za ka yi rabin bango da fenti mai sheƙi, nemi satin na ruwa, ko fentin mai da aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma. In kuma tsohon gida ne da za a kankare tsohon fentin mai daga bango, ƙofa ko ƙarfen taga, a fitar da yara da mai juna biyu daga gidan, a jiƙa wurin kafin a goge don kada ƙurar ta tashi, mai aikin ya rufe hanci, sannan a kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.